Gyaran Gida a Karaye da Rogo: Aikin Ruwa, Jan Wuta da Tsarin Ɗaki

Gyaran gida a Karaye da Rogo aiki ne na bayan kaka. Idan ruwan sama ya ɗauke, aka kai masara da dawa da waken suya rumbu, kuɗi ya shigo hannu, sai a fara ganin tifa tana juye yashi a bakin lungu, samari na tura buhunan siminti a baro zuwa zaure. Yawancin wannan aiki ba sabon gini ba ne da ake tasowa daga harsashi. Tsohon gida ake taɓawa: a gyara sashen da za a sa amarya, a kware rufin azara a ɗora kwano, a fitar da banɗaki a jikin ɗaki, a ja waya zuwa ɗakunan da a da fitilar ƙwai kaɗai suka sani.

Ƙananan hukumomin biyu suna kudu maso yammacin birnin Kano, mazaɓarsu ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma tun 2024 su biyun ne ƙasar masarautar Karaye. Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina. A ƙasar Karaye madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a farkon shekarun 1990, haka ma madatsar Kusalla, inda sansanin masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano yake. Duk da wannan ruwa da ke kwance a kusa, gidaje da dama da rijiya da bohol da 'yan garuwa suka dogara. Babu babban bututun gwamnati da ke kwashe ƙazanta daga gidaje, wutar kamfanin KEDCO kuwa takan zo ta tafi. Saboda haka gidan da kansa zai samar da ruwansa, ya san inda zai kai dattinsa, ya kuma tanadi wutar da zai koma kanta idan an ɗauke. Waɗannan ukun su ne ainihin gyaran, kuma duk a cikin bango da ƙarƙashin ƙasa suke. Kuɗin mutane kuwa a wajen da ido ke gani ya fi ƙarewa: tayil, silin ɗin POP, fenti da ƙofar ƙarfe.

Gidan da aka tarar

Tsohon gida a wannan yanki yana da tsarinsa. Daga zaure a shiga ƙofar gida, a bi ta shigifa a faɗa tsakar gida, inda ɗakunan mata da turakar maigida da madafi suke. Makewayi da wurin wanka suna can ƙurya, nesa da ɗakunan kwana. Bangon na tubali ne na jar ƙasa, rufin na azarar giginya da aka daɓe samansa, indararo yana watsa ruwan sama nesa da jikin gini. Maginan da suka yi wannan tsari sun raba ruwa da bangon ƙasa da gangan, domin ba shi da abokin gaba kamarsa. Gyaran zamani kuwa yana shigo da ruwan ne har cikin ɗaki. A nan yawancin matsaloli suke farawa.

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, magini mai sanin aiki yakan zagaya gidan ya duba gindin bango, inda danshi ke hawa ƙasa ta riƙa ɓarɓashi. Yakan fi tsayawa a bangon gabas, domin hadarin damina daga can yake tasowa, kuma shi ne bangon da ruwa ya fi duka. Yakan caki bakin azara inda ta shiga bango ya ga ko gara ta cinye ta daga ciki. Tsaga siririya a kan yaɓe ba abin tsoro ba ce. Wadda ta karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana ƙara buɗewa ita ce ke nuna harsashi yana zama, kuma fenti ba ya maganinta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafe bangon ƙasa da filastar siminti kai tsaye. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare idan zafi da sanyi suka sauya, don haka bayan 'yan damuna filastar takan saki, in aka ƙwanƙwasa a ji ƙarar fanko. Ruwan da ya sami tsaga ya shiga bayanta kuma ba ya samun hanyar bushewa, sai bangon ya ruɓe a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi. Magabata da makuba ta kwasfar ɗorawa da katsi da laso suke kare bango, waɗanda ke barinsa ya sha iska. In dai tilas ne a yi filasta, a fara buga ragar waya a jikin bangon, a yi masa dakali a gindi, a bar lemar kwano ta fito sosai. Banɗaki da kicin mai famfo kuwa gara a gina su da bulo a kan nasu harsashin, a jingine da tsohon ginin, ba a fafe cikinsa ba.

Soron da azararsa ke da lafiya bai cancanci a kware shi ba. Kaurin ƙasar da ke samansa yana hana zafin Maris da Afrilu shiga, yana riƙe ɗumi a hunturu, abin da kwano da silin ba za su iya ba. Ana iya ɗora kwano a kansa ya kare shi daga ruwa, a huta da yaɓen shekara-shekara, sanyin ɗakin kuma yana nan.

Akwai kuma maganar haƙƙi. Gidaje da yawa na gado ne da ba a raba ba, katanga kuma sau da yawa ta haɗa maƙwabta biyu. Wanda zai zuba kuɗi a sashensa ya kamata ya sami yardar sauran magada a rubuce, gaban shaidu da mai unguwa, ya kuma yi magana da maƙwabci kafin ya ɗaga gini ko ya juya kwata. Rigimar da ke kaiwa gaban dagaci ko kotu takan fi kuɗin gyaran tsada.

Jeren aikin bai da wuyar ganewa, saɓa shi ne ke da tsada. Rushewa da gyaran bango su ne farko, sai rufi, sai haƙa da shimfiɗa bututun ƙazanta, sai bututun ruwa da na waya a cikin bango. Bayan an gwada su ne ake filasta, a sa silin, a shimfiɗa tayil, fenti ya zo ƙarshe. Duk wanda ya kira mai aikin famfo bayan mai tayil ya gama, sau biyu zai biya kuɗin tayil.

Aikin ruwa

Tambayar farko ita ce daga ina ruwan zai fito, kuma nawa ne. Ƙarƙashin yammacin Kano dutse ne mai tauri, ruwa yana samuwa ne a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa, shi ya sa bohol biyu a unguwa ɗaya, ɗaya zai yi ambaliya ɗaya ya ƙafe kafin bazara. Awon ƙasa kafin a kira masu haƙa kuɗi ne da ba a asararsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta lita 50 zuwa 100 a rana ga mutum ɗaya don sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum goma yana buƙatar aƙalla lita 500 ke nan kullum, kuma da wannan lissafi ake zaɓen girman tanki.

Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce cif. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika nauyin tan biyu ne, don haka ba a ɗora shi a kan soro ko katangar ƙasa, sai a kan turakun ƙarfe ko ginin bulo mai harsashin kankare. Tsayinsa shi ke ba ruwa ƙarfi: gindin tankin ya kamata ya ɗara kan shawa da mita biyu ko uku, in ba haka ba ruwan ɗiga zai riƙa yi. Bututun roba da aka bari a rana yakan bushe ya fashe, sai a binne shi ko a rufe shi. Kowane sashe na gida ya sami makullin ruwansa daban, don kada yoyon banɗaki ɗaya ya sa a tsayar wa gida duka da ruwa.

Zaɓen masai yana bin yawan ruwan. Na zama mai tankin baya yana cin lita 6 zuwa 9 duk kora ɗaya. Na tsugunne da ake korawa da bokiti lita 2 ko 3 ta ishe shi. A gidan da ke sayen ruwa jarka-jarka, masan zama yakan koma abin takaici cikin 'yan watanni: tankinsa a bushe, wari ya cika ɗaki. Na tsugunne ya fi dacewa da irin wannan gida, sai dai inda akwai tsoho ko mai ciwon gwiwa, wanda na zama rahama ne gare shi. Wajen dasa masai ana lura da alƙibla. Malaman Malikiyya sun sassauta a cikin gini, amma yawancin masu gida sun fi son a juya shi kudu ko arewa, kuma wannan shawara ce da ake yankewa kafin a haƙa, domin bututu ba ya juyuwa bayan an zuba kankare.

Bututun ƙazanta na inci 4 ne, na ruwan wanka da wanke-wanke na inci 2. Gangararsa abin lura ce: kimanin saukar taku ɗaya a cikin kowane taku 40. In ta yi kaɗan ƙazanta ta kwanta, in ta yi yawa ruwa ya gudu ya bar ta. Kowace mazuba tana buƙatar gwiwa mai riƙe ruwa, wadda ke tare wari da kyankyasai, sannan a fitar da bututun iska sama da rufi a ɗaure bakinsa da raga. Daɓen banɗaki ya zama ƙasa da na ɗaki da inci ɗaya ko biyu, ya gangara zuwa mazuba.

Sokawe shi ne wurin da gyaran gida ke taɓa lafiyar unguwa. Abin da ya dace shi ne rami rufaffe mai ɗaki biyu da aka shafe da siminti, inda ƙazanta ke kwanciya, sai rami na biyu da ruwan da ya tace ke tsotsewa cikin ƙasa. Ƙa'idar da masana tsaftar muhalli ke bi ita ce tazarar mita 30 tsakanin wannan rami da rijiya ko bohol, kuma gindinsa ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da matakin ruwan ƙasa. A cikin tsohon gari, inda gidaje ke manne da juna, rijiyar maƙwabci tana iya zama bayan katanga kawai. A watan Agusta ruwan ƙasa yakan taso, abin da ke cikin rami ya sami hanyar zuwa rijiya, kuma ta haka amai da gudawa da taifot ke shiga gida. Inda tazarar ba ta samuwa, a shafe ramin ciki da bai yadda ba zai yoyo ba, a riƙa kiran mota tana kwashewa. Ruwan wanka da ake sakewa ta kwata zuwa lungu shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Yana tara sauro, yana cin gindin katangar mutane. Ɗan rami mai duwatsu a cikin gida ya ishe shi.

Kafin a rufe ko'ina da filasta, a toshe bakunan bututu, a cika su da ruwa, a bar su kwana ɗaya da wuni. Ɗigon da aka gani a wannan rana gam ɗin roba ne maganinsa. Wanda aka gano bayan shekara guduma ce.

Jan wuta

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, soket ɗinta mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wanda ke ɗaukar amfiya 13, wato kimanin wat 3,000. Wayarin ɗin tsofaffin gidaje an yi shi ne don ƙwai biyu da fanka da rediyo. Yau a kan wayar nan ake jona firji da dutsen guga da hita da injin tura ruwa. Wayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robarta ta narke, kuma a hunturu, lokacin da katako da katifa suka bushe ƙayau kowa kuma yana dafa ruwan wanka, nan da nan gobara ke tashi.

Kaurin waya yana da ƙa'ida. Ta milimita 1.5 ta fitilu da fanka ce, ta 2.5 ta soket, ta 4 ko 6 kuwa ta na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa da murhun lantarki, kowanne a kan layinsa da birekarsa. Kasuwa cike take da jabun waya, wadda aka rage mata kauri ko aka shafa wa alminiyam jan ƙarfe a sama. In aka kankare bakinta da wuƙa aka ga fari a ciki, ba ta jan ƙarfe ba ce. Ana yin waya mai inganci a cikin ƙasa, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, sai dai su ma ana kwaikwayonsu, don haka maigida ya sayi wayar da kansa a shagon da aka sani, ya duba tambarin hukumar SON, ya karɓi rasit. A nan ne araha ba ta ado ko kaɗan.

Waya tana bi ta cikin bututun roba ne, a miƙe daga soket zuwa sama ko a kwance, ba a karkace ba, don mai buga ƙusa gobe ya san inda zai kauce wa. Duk wani haɗi a cikin akwati ake yinsa. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif a jefa cikin silin, inda ɓeraye ke kai-kawo, shi ne mafarin gobara da yawa. A bangon ƙasa bai kamata a yi fafa mai zurfi ba, gara a bi da bututun ta saman bango.

Abu biyu ne aka fi tsallakewa, kuma su ne masu ceton rai. Na farko wayar ƙasa: sandar jan ƙarfe da ake kafawa a wuri mai danshi a haɗa ta da ƙafa ta uku ta kowane soket, don in firji ko injin ruwa ya fara ja, wutar ta bi ta can maimakon jikin mutum. Na biyu bireka mai jin yoyon wuta, mai miliamfiya 30, wadda ke yankewa cikin ƙiftawar ido idan yaro ya taɓa waya ko ruwa ya shiga soket. A gidan da ake tafiya ba takalmi a jiƙaƙƙen daɓe, kuɗinta bai kai na tayil ɗin ɗaki ɗaya ba. Soket ba ya shiga banɗaki, makunnin fitilarsa ma a waje ake sa shi.

Tunda wutar kamfani ba ta tsayawa, gida yakan haɗa ta da janareto ko sola. Dole a sa canjoba da ke raba su, domin janareton da aka jona kai tsaye a soket yana mayar da wuta kan layi, yana iya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya. Hayaƙinsa kuma yana kisa ba tare da an ji wari ba, don haka wurinsa fili ne, nesa da taga, ba zaure ko shigifa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sola ta ƙara karɓuwa a garuruwa irin waɗannan. Ko maigida ba shi da kuɗinta yanzu, hikima ce a ware layin fitilu da fanka da cajin waya daban tun lokacin wayarin, yadda ranar da aka sayi inbata da batir ba sai an fasa bango ba. Faifan sola yana fuskantar kudu da ɗan karkata kaɗan, kuma a lokacin hazo sai ana goge masa ƙura. Hukumar NEMSA ce ke tantance masu aikin wayarin a ƙasar nan, mita da jona layi kuwa aikin KEDCO ne, ba na yaron unguwa mai tsani ba.

Tsari da ado

Hotunan gidajen Abuja da Dubai da ke yawo a waya sun sauya abin da amarya da danginta ke sa rai. Ba laifi ba ne a so kyau, amma ɗakin Rogo da zafin Rogo zai zauna. Taga biyu a bango daban-daban suna barin iska ta ratsa, kuma na kudu da arewa sun fi ta yamma, wadda ranar la'asar ke gasawa. Tagar gilas mai turawa rabinta kaɗai ke buɗewa, mai ɓallewa waje tana ba da iska ninki biyu. Kowace a sa mata ragar sauro. Silin ya yi tsayin da fanka za ta juya lafiya, a kuma bar ƙananan kafofi a ƙarƙashin kwano don zafin da ya taru ya fita. POP ba ya jure yoyo, don haka sai rufi ya ga ruwa an tabbatar da shi. Tsohon silin na asbestos, in an tarar, a jiƙa shi a cire shi ɗungurungum, kada a fasa ko a yanka, domin ƙurarsa tana lalata huhu.

Tayil mai santsi yana da kyau a falo, a banɗaki da bakin rijiya kuwa mai kaushi ake so. Shafe tsakar gida gaba ɗaya da siminti yana ƙara zafi, yana kuma tura duk ruwan damina ƙofa ɗaya. Barin wani yanki na ƙasa da bishiyar darbejiya ko mangwaro ya fi, muddin saiwarta ta yi nesa da bututu. Kicin na cikin ɗaki ya dace da mai girki da gas, tukunyar gas ɗin tana waje inda iska ke bi. Amma girkin suna da biki da itace ake yinsa, don haka madafin tsakar gida ba a rushe shi. Zaure ma yana da aikinsa: shi ke tare ido daga cikin gida, nan ake karɓar baƙi da zaman gaisuwa. Wanda ya mayar da shi shago ya tanadi wani abin da zai tsare sirrin iyalinsa. Kuma a auna gado da kujerun da za a yi jere da su kafin a kafa soket da ƙofa, a tambayi matan da za su zauna a ɗakin, domin su suka san inda ruwa da haske suka fi amfani.

Ma'aikata da kuɗi

Siminti da bulo da ƙananan kaya ana samunsu a Karaye da Rogo. Manyan kaya yawanci daga Kano ake ɗauko su: rodi da kwano a Ƙofar Ruwa, katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, kayan wuta da na famfo da tayil a Sabon Gari. Wasu mutanen Rogo Zariya ta fi musu sauƙi. Kuɗin mota yana cikin lissafi, haka ma 'yar rarar tayil, don in ya ƙare ba lalle a sake samun irinsa ba. Farashi ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, ayyuka da yawa suka tsaya a rabi. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya kammala rufi da ruwa da wuta bana, ya bar tayil da POP sai baɗi.

Siminti yana son a yi masa ban ruwa na aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai kwana 28 yake cika. Iskar hunturu tana busar da shi da wuri, shi ya sa aikin da aka yi cikin gaggawa saboda an sa ranar biki yakan tsattsage.

Da birkila da kafinta da mai famfo da mai wayarin, kowa a yi jinga da shi a rubuce: abin da zai yi, kayan da za a ba shi, da yadda za a biya shi kashi-kashi. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai fara aiki da shi. A je a ga gidan da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, a tambayi masu gidan. Kafin filasta ta rufe bango, a ɗauki hoton kowane bututu da waya a adana. Cikon kuɗin mai famfo da mai wayarin kuwa kada ya fita sai an buɗe kowane famfo, an kora kowane masai, an kunna kayan wuta gaba ɗaya, an kuma danna maɓallin gwajin bireka an ga ta yanke a gaban maigida.